Rigunan da Aka Yanke wa Hannu

Gonar Malam Baballe ita ce ta ƙarshe a kan kanal ɗinsu. Daga ita sai ciyawa da wani tsohon kwalbati inda ruwa ke zurarewa idan ya yi saura, kuma ba kasafai yake yin sauran ba. Duk wanda ya taɓa noman rani tsakanin Kura da Bunkure ya san abin da wannan ke nufi. Kafin ruwa ya iso gare ka sai ya bi ta gaban mutum talatin, kowa da ƙishirwar gonarsa, kowa kuma yana ganin tasa ta fi ta kowa. In ka bari rana ta ɗaga, na sama sun buɗe nasu, kai sai dai ka tsaya kana kallon laka. Shi ya sa shekara talatin da 'yan kai, duk ranar Talata a lokacin sanyi, da an sallame sallar asuba Baballe yake hawa kekensa ya riga kowa, ya kwashi ruwan da ya kwana yana taruwa.

Bana ma alkama ya shuka, eka ɗaya da rabi. Alkama kuwa 'yar sanyi ce, ranar da mutum ke karkarwa ranar take jin daɗin duniya. Sai dai bana ba kamar sauran shekaru ba ce, domin Tambaya, matarsa, ta rasu da damina. Gidan da suka zauna su biyu tun da suka aurar da 'yarsu ya koma na mutum ɗaya. Maƙwabta na aiko masa da tuwo, ya ci abin da zai iya, ya rufe saura. Ba ya shiga ɗakinta sai dole. Kewarta ba ta zo masa da kuka ba, ta zo masa ne da shiru, irin shirun da mutum zai dawo daga gona ya yi sallama a ƙofar gidansa, sannan ya tuna babu mai amsawa.

'Yarsu ɗaya ce, Fa'iza, tana aure a Sharaɗa a cikin birnin Kano. Bayan an yi addu'ar arba'in ta ɗauke shi ta tafi da shi, ta gyara masa ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, da katifa sabuwa da fanka. Kwana tara ya yi. Bai rasa ci ba bai rasa sha ba, amma daga safe zuwa yamma ba shi da aiki sai kallon ƙofar ƙarfe tana buɗewa tana rufewa. A kwana na tara ya ce lokacin gyaran gona ya yi. Suka ja, suka ja, daga ƙarshe ta sakar masa, amma da sharaɗi, domin ba ta manta bara ba, lokacin da ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi a asibiti har aka fara kiran dangi.

"Baba, ka je ka yi alkamarka," in ji ta. "Amma wallahi in ka sake kwanciya, ko zazzaɓin kwana biyu ne, da mota zan zo. Gonar kuma a ba Mika'ilu haya."

Mika'ilu shi ne mai gonar da ke sama da tasa, mutumin kirki, sai dai lambar Fa'iza tana cikin wayarsa, kuma ba ya iya riƙe magana. Baballe ya amsa da to. Ya san 'yarsa, halin uwarta ta ɗauko, in ta ce da mota za ta zo to direba ya riga ya ji labari.

A nan ya kamata a faɗi wani abu game da Tambaya da almakashinta. Tun shekararsu ta biyu da aure, duk rigar da Baballe zai sa ya tafi ban ruwa sai ta yanke mata hannu daga kafaɗa, ta daje bakin da zare. Ba riga ɗaya mai kauri take ba shi ba, a'a, uku take jera masa: wata 'yar shara mara nauyi a jikin fata, wata a kanta, sannan suwaita ta zaren ulu da ta saƙa da hannunta, ita ma babu hannu. Ga hular saƙa mai rufe kunne, ga wando iya gwiwa, ga gwado da zai yafa a kan keke. Bayan duk wannan sai ta ɗaure masa wata leda a bayan keken, cike da busassun kaya, ta ƙulle bakinta da wani irin ƙulli nata wanda sai mutum ya yi da gaske yake kwance shi. Kullum kuma maganarta ɗaya ce, har ya haddace ta ba da son ransa ba: in ya fara jin ɗumi ya cire ɗaya, in ya fito daga ruwa ya cire duka ya sa busassu.

Shi kuwa bai taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. A ganinsa fitinar mata ce kawai. Abokansa a ƙofar masallaci suna tsokanarsa wai ga ɗan dakon kasuwar Bunkure ya fito, shi ma in ya dawo gida sai ya sauke mata, ya ce ta naɗe shi kamar masara a cikin ɓawonta, ta kuma raba shi da hannun riga kamar wanda ya yi laifi. Ita dai sai ta ce, "Malam, sa ka tafi, ruwa ba ya jiran mai surutu." Haka yake sawa ya tafi, yana gunaguni har bakin titi.

Sau ɗaya tak ya karya dokar, bara, a ƙarshen sanyi. Ranar gari ya ɗan yi ɗumi, ya gama ban ruwa, ƙiwa ta kama shi, ya ga canja kaya wahala ce. Sai ya cusa ledar a cikin rufin 'yar bukkar da ke gefen gonarsa don kada ta gan ta a ƙulle yadda ta ba shi, ya hau keke da jiƙaƙƙun kaya ya dawo. Da ta tambaya ya ce ledar ta faɗi a hanya. Kwana biyu tana fushi, domin suwaitar da ta fi so tana ciki. A kwana na uku ya kwanta, aka wuce da shi asibiti. Ita ce ta yi jinyarsa, tana kwana a kan tabarma a ƙasa, alhali nata ciwon ya riga ya fara cin ta a ɓoye. Shi kuwa Baballe, da ya warke, sai ya ɗora laifin duka a kan wata kankana da ya sha. Mutum in yana son ya wanke kansa ba ya rasa kankana.

Da ta rasu, matan dangi suka shiga ɗakinta rabon kaya kamar yadda aka saba. A ƙasan akwatinta suka tarar da tarin riguna marasa hannu, a wanke, a ninke. Ba wadda ta san na mene ne. Aka ɗauka tsumma ne, wasu aka bayar sadaka, wasu aka yayyaga aka goge tukwanen zaman makoki da su. Baballe yana zaune a zaure ya ga an wuce da su, bai hana ba. A ranar hannun riga ba ya cikin abin da ke damunsa.

Sanyin bana bai kankama ba sai da watan Janairu ya raba. A makon ne Fa'iza ta aiko masa da saƙo ta hannun wani direban bas da ke tsayawa a Garun Mallam. Jaket ce ta gwanjo, shuɗiya, mai kauri, cikinta an cusa wani abu mai laushi kamar katifa, ga zif har wuya, ga dogon hannu mai roba a wuyan hannu. Ranar da ya sa ta ya je masallaci sai da kowa ya taɓa. Liman ma ya ce wannan ai ko a kan dutsen ƙanƙara mutum ya kwana da ita lafiya. Kuma gaskiya ne, in kana zaune a kan tabarma kana jan carbi, babu abin da ya kai ta. Baballe ya ji daɗi har cikin ransa. Ga riga ta mutunci, mai hannu, kuma daga 'yarsa.

Talatar da ta biyo baya ita ce mafi sanyi a shekarar. Alkama kuma ta fara ɗaukar ciki, lokacin da in ta rasa ruwan mako guda ba ta yafewa. Ya sa jallabiyarsa ta auduga, ya ɗora jaket a kai, ya ja zif har haɓa, ya hau keke. Babu leda a baya, babu mai ɗaura ta. Tun kafin ya kai rabin hanya ya ji bayansa ya fara danshi, sai ya yi murmushi, ya ce a ransa lallai kaya sun yi kaya, mutum yana gumi a irin wannan safiya.

A bakin gona babu kowa, sai balbela biyu a kan bangon kanal. Ruwa ya iso, amma kacala, ciyawar nan mai fitowa a cikin ruwa, ta toshe bakin 'yar kanal ɗin da ke bi ta gefen gonarsa. Ya ɗauki shebur ya shiga sara da kwasa. Aikin minti ashirin ne, amma kafin ya gama gumi ya jiƙa jallabiyar tun daga wuya har ƙugu, domin jaket ɗin ba ta barin komai ya fita. Ya kai hannu zai zuge zif, iska ta taɓa masa wuya, ya fasa. Wa zai buɗe riga a wannan sanyin in ba mahaukaci ba?

Sai aka zo kan bututai. Masu ban ruwa a wannan yanki ba fasa bangon kanal suke yi ba. Wasu lanƙwasassun bututan roba ne da su, sai ka nutsar da bututu gaba ɗaya a cikin ruwa har ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka ɗago shi da sauri ka tsallakar da shi bango, ka saki, sai ruwa ya kama bi ta ciki yana zuba a fangali, wato gurbin shuka da aka kewaye da kunya. Ba yadda za a yi ka yi wannan ba tare da hannunka ya shiga ruwa har kusan kafaɗa ba. Bututu takwas gare shi.

Ya gwada naɗe hannun jaket ɗin, ya ƙi wuce tsakiyar dantse, kauri ya yi yawa. Ya tsaya jim, ya dubi gabas inda gari ke ƙara haske, ya tuna na sama sun kusa fitowa. Sai kawai ya tsoma hannu haka nan. Ruwan dam ɗin Tiga ne da ya kwana a fili, sanyinsa har cikin haƙori. Hannun rigar ya sha ya ƙoshi kamar soso. Duk lokacin da ya ɗaga bututu sai ruwan ya gangaro ta hammata ya bi haƙarƙari. Gindin jallabiya kuma tuni ya jiƙe har cinya yana manne masa a ƙafa. Duk da haka bai ji komai ba tukuna, saboda jiki na aiki, jini na gudu. Ya tayar da takwas ɗin duka, ya miƙe yana haki, yana jin daɗin ƙarar ruwa a cikin alkama.

To, ban ruwa rabinsa aiki ne rabinsa tsayuwa. Da zarar bututai sun kama, sai ka tsaya ka jira fangali ya cika kafin ka matsar da su gaba. A tsayuwar nan ne sanyi ya same shi. Iskar da ke tasowa daidai fitowar rana ta zo ta kan filin da babu bishiya babu gini, ta tarar da mutum ɗan shekara sittin da biyar a tsaye cikin jiƙaƙƙen kaya ciki da waje. Gumin da ya yi alfahari da shi ɗazu ya huce ya koma ruwan sanyi a bayansa. Rigar da aka saya don ta riƙe masa ɗumi yanzu ruwa take riƙewa, tana zuƙe ɗumin jikinsa tana miƙa wa iska. Shi kuwa da ya ji sanyi sai ya ƙara ƙanƙame ta a jikinsa.

Karkarwa ta fara daga gwiwa ta hau. Haƙoransa suka shiga haɗuwa. Bututu na uku ya sha iska ya daina ja, ya sunkuya zai sake tayar da shi, tafin hannunsa ya ƙi toshe bakin. Ya gwada sau huɗu. A na biyar bututun ya suɓuce, ya bi ruwa, yana kallo ya kasa kama shi. Ya dubi yatsunsa, ga su nan dai nasa ne, amma ya ce su lanƙwashe sun ƙi. Ya buɗe baki zai yi salati, ya ji harshensa ya yi nauyi kamar na mai barci.

Nan tsoro ya shige shi. Wayarsa na cikin aljihun ƙirji, kuma Mika'ilu zai iya isowa a kan babur cikin minti goma. Amma kiran Mika'ilu kiran Fa'iza ne, kiran Fa'iza kuma mota ce, da ɗakin nan na kusa da ƙofa, da ƙofar ƙarfe mai buɗewa da rufewa har ranar da za a fitar da shi ta cikinta. Ya bar wayar inda take. Ya ce bari ya fake wa iska na ɗan lokaci, ya nufi bukka yana tangaɗi, sau biyu yana faɗawa cikin alkama.

Bukkar ta kara ce da 'yan tsofaffin kwanuka a sama, rabonsa da shiga tun bara. Ya zube a ƙasa, ya jingina, ya naɗe ƙafa a cikin jaket ɗin. Bayan ɗan lokaci sai ya ji karkarwar tana raguwa, wani barci mai daɗi yana jan sa. Ya ɗauka sauƙi ne ya fara samuwa, bai san wannan ita ce mafi munin alama ba. Ya zame ya kwanta rigingine, idonsa rabi a rufe, yana kallon rufi. A can tsakanin kwano da azara ya hango wani abu baƙi, ɓera ya ɗan ci gefensa. Ya daɗe yana kallon abin kafin hankalinsa ya gaya masa ko mene ne.

Yadda ya miƙe shi ma bai sani ba. Da gwiwar hannu ya zunguro ledar ta faɗo. Ninki biyu ce, kamar yadda take yi kullum, kuma ga ƙullin nan a bakinta, daram, yadda yatsun Tambaya suka bar shi wata safiya wata goma sha ɗaya da suka wuce. Ko da lafiyayyun yatsu sai ya yi fama da shi, balle yau. Ya sa haƙori a ƙasan ƙullin ya yage ledar. Ƙamshin kafur ya bugi hancinsa, ƙamshin akwatinta. Ga 'yar shara biyu, ga suwaitar ulu ruwan ƙasa, ga wando, ga hula, ga ƙaramin gwado, a can ƙasa kuma busasshen dabino guda uku a ƙulle a takarda.

Abin da ya rage shi ne mafi wuya, wato ya tuɓe. Duk jikinsa yana ce masa kada ya kuskura, wannan rigar ita kaɗai ta rage tsakaninsa da iska. Ya zauna da busassun kaya a cinya, yana neman ya ɗora gwadon a kan jaket ɗin kawai ya huta. Sai maganar nan da ya haddace ba da son ransa ba ta fito daga bakinsa, da nauyin harshe, shi kaɗai a cikin bukka.

"In ka fito daga ruwa, ka cire duka."

Zif ya ƙi kamuwa a yatsunsa, sai da ya cije shi da haƙori ya ja. Jaket ɗin ta faɗi ƙasa tim, da nauyin da ya ba shi mamaki. Jallabiyar ta manne, ya fizge ta ta kai. Na ɗan lokaci ya zauna tsirara cikin sanyin da bai taɓa jin irinsa ba, yana goge jiki da gefen gwado, yana nishi. Sannan ya sa 'yar shara, ya ƙara ta biyu, ya zura suwaita, ya ja hula har kunne, ya lulluɓa. Karkarwa ta dawo da ƙarfi fiye da ta farko, har karan bukkar na motsi. Ya rarrafa bakin ƙofa inda rana ta fara taɓawa, ya juya wa iska baya, ya jefa dabino ɗaya a baki ya bar shi ya jiƙa. A hankali yatsunsa suka fara zafi kamar ana soka musu ƙaya. Da ya ga sun lanƙwashe, sai hawaye suka zubo masa, ya bar su suka zuba, tunda babu mai gani.

Ruwa dai bai tsaya jiran kowa ba. Da ƙafafunsa suka ɗauke shi ya koma bakin kanal, ya tsamo bututun da ya maƙale a cikin kacala. Ya ajiye gwado a kan bango, ya tsoma hannu har kafaɗa, ya tayar da bututu, ya fito da hannun, ya share shi da tafi ɗaya, iska ta busar da sauran kafin ya ƙirga goma. Babu abin da ya jiƙe. Ya mai da gwado kafaɗa ya tsaya jira, ƙirjinsa da bayansa a cikin ɗumi. Ya dubi kafaɗar suwaitar, inda Tambaya ta bi bakin da zare sau biyu don kada ya warware. Shekara talatin da 'yan kai yana yi wa wannan wuri dariya. Ita ba ta taɓa tayar da bututu ko sau ɗaya ba, daga wankin kayansa kawai ta gane inda ruwa ke shiga.

Da hantsi Mika'ilu ya iso, ya tarar saura fangali biyu. Ya ga jaket a shanye a kan karan bukka tana ɗiga, ya dubi tsohon, ya tambaya ko lafiya. Baballe ya ce lafiya ƙalau, rigar ce ta faɗa ruwa. Mika'ilu ya ƙura wa suwaitar ido.

"Baba, wannan ba saƙar Inna Tambaya ba ce? Na ɗauka duk an rabar."

"Wannan ta tsira," in ji Baballe, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Kwana uku yana sauraron jikinsa. Duk tarin da ya yi sai gabansa ya faɗi, duk safiya sai ya taɓa goshinsa kafin ya taɓa buta. Ya sha kunu mai zafi da citta, ya ƙi zaman ƙofar masallaci don kada wani ya ji muryarsa ta dushe. Mura ta zo ta ɗan taɓa shi ta wuce. Zazzaɓi bai zo ba. Ranar Juma'a bayan an sauko Fa'iza ta kira, ta tambayi jiki, ta tambayi alkama, sannan ta tambayi ko jaket ɗin tana maganin sanyi.

"Sosai," ya ce. "Kullum da ita nake zuwa masallaci. Allah ya yi miki albarka."

Bai yi ƙarya ba, kuma ta ji daɗi. Ta ce to ya ci gaba da kula da kansa, sai ta zo ganin girbi.

Ranar Litinin da la'asar ya buɗe ɗakin Tambaya. Almakashinta na nan rataye a ƙusa a bayan ƙofa, masu rabo ba su gan shi ba. Ya fito tsakar gida da rigunansa biyu masu kyau, ya shimfiɗa su a tabarma, ya yanke musu hannu. Yankan ya karkace, ɗaya kafaɗar ta fi ɗaya faɗi, kuma bai iya dajiya ba, haka ya bar bakin yana zare-zare. Ya ninke su da wando da tawul, ya sa dabino uku, ya zuba a leda ninki biyu. Da ya zo ƙulli sai ya ciro nata daga aljihu. Tun ranar Talata yake yawo da shi, ɗan dunƙulen baƙar leda da yagaggen gefe. Ya jujjuya shi, ya bi da ido inda ya shiga da inda ya fita, ya gwada sau uku bai samu ba. Hanya ɗaya ce ta gane yadda aka yi shi, ita ce a kwance shi, shi kuwa ba zai kwance ba. Sai ya yi irin nasa ƙullin, na ɗaure buhu, ya kai ledar bayan keke ya ɗaure.

Ya dawo zai rufe ɗakin, ya rataye almakashi a ƙusarsa, ya tsaya a bakin ƙofa. Babu komai a ciki sai gado babu katifa da akwati a buɗe. Ya daɗe a tsaye, kamar mai jiran a ba shi izini.

"Ledar nan ba faɗuwa ta yi ba," ya ce. "Ni na ɓoye ta."

Ya ɗan saurara, kamar yadda ya saba saurarawa in ya san za a yi masa faɗa. Sannan ya ja ƙofar a hankali, ya je ya duba iskar tayar keke, domin gobe Talata.